Daƙiƙa Ɗaya da Rabi

Kwana tara ruwa na dukan rufin Valdivia,
ni ina dukan madannai.
Murhun itace ya mutu tun yamma, ban lura ba.
A allo ga gingimari, ba kowa a kujerarta,
kotu ta ce in sa mata direba.

Manhajar ba ta tambayi sunansa ba.
Baldomero Antillanca ne,
shekara ashirin da shida yana jan gumagumai
daga tsauni zuwa bakin kogi.
Ita dai gurabe ta buɗe mini, farare fat:
sitiyari, digiri nawa, a wace daƙiƙa,
birki, kashi nawa cikin ɗari,
totur, yaushe ƙafa ta ɗaga.
Can ƙasa wani ɗan mitsitsin gurbi
na tazarar da ke tsakanin gani da motsi.
Littafi ya ce a rubuta daƙiƙa ɗaya da rabi.
Mai ƙarfi da mai ciwon baya, duk mudu ɗaya.

Na rubuta. Na danna.
Motar ta gangaro, ta sha kwana, ta ci birki,
gindinta ya zame a santsi, ya wuce kanta,
ya share rumfar jiran bas kamar da tsintsiya.
Amma ni na je wurin da ƙafata.
Rumfar na nan, ko kwanonta bai lotsa ba.
Motar ce a kwari, taku goma sha huɗu ta hagu,
itacen da ta ɗauko ya rufe mai ɗaukarsa.

Mutanen inshora sun ce gyangyaɗi ya yi.
To, na sa masa barci:
sifiri a sitiyari, sifiri a birki,
na sake shi.
Mai barci ya miƙe sak, shi ma rumfar ya nufa.
Ashe barci bai iya hagu ba.

Na kashe shi sau goma kafin mate ya huce,
sau ashirin kafin bas ɗin ƙarshe ya wuce gada.
Kowane karo ya tashi a saman gangara
da tayoyi sababbi,
ba ya fushi, ba ya tuna komai.
Ni ce ke tunawa.

Sai na koma kan hotunan 'yan sanda.
Baƙin sawun taya a kwalta
ya zo, ya zo, ya yanke.
Wa ke sakin birki da tan talatin a bayansa?

Na rage daƙiƙar littafi zuwa rabi da ɗoriya.
Birki cikakke, numfashi ɗaya,
sannan na ɗage ƙafarsa don tayoyi su kama ƙasa,
na murɗa sitiyari hagu, digiri ɗari biyu da goma,
na bar shi a murɗe.
Yatsana ya tsaya kan madanni.
Na san inda zan tura shi.

Gwaji na arba'in da ɗaya.
Motar ta kwanta cikin zanen fentin 'yan sanda
kamar ƙafa cikin tsohon takalminta.

Bakwai da minti arba'in na safe.
Yara biyar ne a rumfar, in ji rahoto, shafi na tara.
Abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta
ba shi da gurbi a manhaja.
Na duba har ƙarƙashin saituna.

Gobe Ercilia za ta zo da lemarta mai karyayyen ƙarfe,
ta sake tambaya ko barci ya yi.
Lambobi kawai nake da su.
Zan juya mata allon,
in nuna mata layin birki inda ya faɗi,
da na sitiyari inda ya hau bai sauko ba.

Na adana aikin. Na tashi hura wuta,
sai na ga hannuwana biyu riƙe da gefen tebur,
na daman ya haura na hagu.