Kwana Arba'in da Biyu

Hamsin na ƙirga a cikin kwali
ranar da Sadau ya ɗauko su daga Dutse a bayan babur,
kwali mai huji-huji, yana kuka da baki hamsin.
Ba uwa, ba zakaran da zai ce nasa ne.
Ni ce uwar. Ni da kaskon gawayi.

Na share tsohon ɗakin awaki,
na baza ɓuntun shinkafa,
na toshe ramin gafiya da fasasshiyar kwalba.
Daren farko ban runtsa ba.
In sun cure wuri guda, sanyi ne,
in sun watse suna haki, na cika garwashi.
Karatu ne da ba a rubuta shi a allo.

Uku suka tafi a makon farko, ban san laifina ba.
Huɗu gumboro ta kwashe.
Daga nan na daina ƙirga da ƙarfi.

Kajin gida suna can bayan danga,
su tona juji, su kauce wa shaho, su kwana a reshe.
Waɗannan kuwa 'yan hutu ne,
ci, sha, kwanta, tashi, ci.
Sau biyu buhu ya hau kuɗi kafin gashinsu ya cika,
tunkiyata guda ta shige cikinsu ba ko kuka.

Akwai ɗaya mai karkatacciyar ƙafa.
Kyallu ta sa mata Hajiya,
wai don ba ta tashi sai an kai mata.
Na ce kul, ba a raɗa wa nama suna.
Ta ce, Inna, ke da kike musu hira da dare?

Asubar ranar, tun liman bai shafa ba, ruwa na kan murhu.
Malam Nababa ya wasa wuƙa a bakin dutse,
ya haƙa ɗan rami a gindin zogale,
ya juya gabas.
Kowacce sai da ya ba ta ruwa.
Kowacce da bisimillarta, bai haɗa biyu a ɗaya ba.

Kada ruwan ya tafasa, Tabawa,
fata za ta saluɓe, mai saye ya rage mana kuɗi.
Tsoma, ɗaga, fige.
Gashi ya manne mana har gwiwar hannu,
Uwale na babbaka da karan dawa,
ƙauri ya tsallaka katanga, yaran maƙwabta suka leƙo.
Hanta nan, hanji can,
matsarmama kuwa a hankali,
ɗigo ɗaya ya isa ya ɓata wahalar mako shida.

Da na tsaga ƙundun Hajiya,
cikin tsakuwa da dusa sai ga tsakiya,
'yar ja, ta abin hannun Kyallu,
wadda na yi mata faɗa a kanta har ta kwana ba tuwo.
Na wanke, na miƙa mata.
Ba ta ce komai ba. Ni ma haka.

Garinmu ba firji, rana ce agogo.
Kafin hantsi Sadau ya ɗaure baho biyu,
arba'in ya kai wa mai gashi a tasha,
uku na gida da masu taya aiki.

Lissafi na yi a ƙasa da tsinke:
kuɗin tunkiya ya dawo da ƙyar,
sai kai da ƙafa cike da tukunya,
sai taki buhu shida da mai albasa ya kama tun suna raye.

An ce sabo da kaza ba ya hana yankanta.
Haka ne, bai hana ba.
Amma ba wanda ya gaya mini
tsakar dare zan farka, in laluba toci,
in je duba wuta a ɗakin da ba kowa.

Da safe Kyallu ta cinye hantar da ta ƙi jiya,
tsakiya na wuyanta a zaren buhu.
Ta ce, in Sadau zai koma Dutse,
a ce masa sittin.