Ɗigo Bakwai

Kwana goma sha ɗaya Plymouth na lulluɓe da gajimare.
Tauraron ɗan'adam ya ratsa ta kanmu sau biyu,
bai ɗauko komai ba sai farar auduga.
Ranar Laraba gari ya washe.
Kafin shayina ya huce, hoto ya sauko.

Ga teku a kan allo, an yanka ta gida-gida
kamar gurbin dara,
kowane gida mita goma, tsawo da faɗi.
Aikina in bi su ɗai-ɗai
in tambayi kowanne me ya goyo.

Akwai wani haske da idon mutum bai san da shi ba.
Ruwa haɗiye shi yake, ko gyatsa babu.
Ita roba ba ta da ciki,
abin da rana ta ba ta, sama take mayarwa,
nan asirinta yake tonuwa.
Sai dai kumfa ma takan yi haka, ciyawar teku ma,
har katakon da ya suɓuce wa wani jirgi.
Kowa da irin ƙaryarsa.

Babana a Yawuri
daga tsaye cikin kwalekwale yake karanta Kwara.
Ya dubi 'yar murɗawa a fuskar ruwa
ya ce giwan ruwa ne, gora biyu ƙasa.
Ido ba mudu ba, ya san kima.
Ni nawa idon na aro ne,
yana rataye can sama da inda shaho ya taɓa mafarki,
kuma sai bayan kwana biyar yake ƙiftawa.

Ɗigo bakwai na gani a jere, kudu da fitilar Eddystone,
siririn layi kamar tsagar kumatu.
Morwenna ta cire tabarau, ta mayar.
Ta ce, ciyawa ce, Hajo, na sa fam biyar.
Na ce ba na caca,
amma ki tanadi biskit.

Asuba ta riske mu a jirgin Denzil.
Sanyi ya ci yatsuna, igiyar ruwa ta karɓe karin kumallona.
Inda taswira ta ce nan ne, ba kowa.
Teku ta kwashe kayanta tun daren jiya,
ba ta bar sallahu ba.
Awa uku muna bin iska gabas
kafin Denzil ya nuna da haɓa.

Gani ya kori ji.
Tsohuwar koma ce, shuɗiya, ta nailan,
ta yi kitso da ciyawa har ba a gane gashin wa.
Ashe ni da Morwenna kowa ya ci rabi.
A cikin kitson: gorunan lemo, jarkar man inji,
safar hannu ta hagu,
silifa ɗaya na yaron da yanzu ƙila ya yi gemu,
da wani farin tsuntsu, wuyansa a zarge.
Muka ja, mu uku, ba mai magana.

Na san lissafin.
Wannan da ya taso ko zakkar abin bai kai ba.
Saura ya niƙe ya zama tsaki,
ya nutse inda tauraro ba shi da ido,
yana cikin hanjin kifin da zan saya anjima a bakin tasha,
in barbaɗa masa gishiri.

Da dare na kira gida.
Kun kama?
Mun kama, Baba. Kilo ɗari biyu da goma.
Wane iri?
Koma.
Ya yi dariya har da tari.
Har Ingila kika je kamun koma?

Sai ya yi shiru. Ina jin kwaɗi a bayansa.
Ya ce, jiya na jefa birgi sau tara,
leda ta fi kifi.
Shi wannan tauraron naku, yana bi ta kanmu?
Na duba jadawali. Ranar Asabar, da hantsi.
Ya ce, to.
Zan fito da wuri, in sa farar riga.