Babi na Biyu

Karo na huɗu ke nan
Dakta Balaraba ta dawo min da babi na biyu,
jan biro ya bi shi layi-layi
kamar an yanka kaza a kan takarda.
A gefe ta rubuta: "Ina muryarki?"

Muryata tana Kabuga,
cikin adaidaita sahu,
tana jayayya da direba kan naira ɗari.
In na iso ƙofar sashe sai in tuɓe ta
kamar takalmi a bakin masallaci.

A laburare fanka ta tsaya cak.
Ina nazarin waƙar dusar ƙanƙara,
gumi na ɗiga kan baiti na uku.

Ɗanjuma mai fotokwafi ya haddace bashina
fiye da yadda na haddace ra'in da na ɗora aikin a kai.

Da daddare Inna Yalwa ta ce,
"Shekara uku kina tatsuniyar Turawa,
har yau ba a kai ƙurunƙus ba?"

Na yi dariya, na kunna fitilar waya,
na buɗe sabon shafi.
Jimlar farko da Hausa ta zo min.
Na bar ta ta sha ruwa tukuna,
kafin in sa mata kayan aro.