Ɗari a Kalmalo

Ladan ya kira assalatu, murya na rawa,
rabin salati ya maƙale masa a wuya.
Butar da na manta a tsakar gida
ta kwana tana wasa haƙora.
Na taɓa ruwan, ruwan ya cije ni,
na tsaya ina ƙirga gaɓoɓin alwala
kamar mai ƙirga bashin da ba shi da halin biya.

Inna Tumba ta tura kaskon wuta ƙarƙashin gado.
Akuyarmu mai ciki ta shigo ɗaki ba sallama,
ba wanda ya ce mata kyas.
Man kaɗe ya ƙi yatsa,
sai an kai shi ya gaida garwashi.

A bakin tasha babur ɗin Jaɓɓi ya yi yaji,
yara huɗu na tura shi har gindin tsamiya,
ya yi tari sau biyu, ya koma barci.
Arzika mai shayi ne sarkin garin nan yanzu:
kowa ya riƙe kofi da hannu biyu,
ba don sha ba, don yatsu su tuna sunansu.
Magana na fita da hayaƙi
ko daga bakin liman.

Ige ta kafa tukunya, tana sayar da ruwan zafi,
bokiti guda, kuɗin koko uku.
Nomau ya ce shi ba ya saye,
kwana tara rabonsa da soso.
Wai datti ma bargo ne, in ka iya zama da shi.

Daren Laraba tsoho Bagudu ya tafi,
a ƙudundune, kamar yadda ya zo.
Da masu wanka suka iso,
Inna ta tare ƙofa da murfin tukunya a hannu:
"Ku dakata ya yi ɗumi.
Mutumin ga bai taɓa son sanyi ba."
Ige ta kawo bokiti biyu, ta ƙi karɓar ko sisi.

Da hantsi muka bi katanga muna shan rana
mu da ƙadangaru, ba mai korar wani.
Kaushin ƙafata ya buɗe baki,
na ɗinke shi da zare, na ɗiga masa kitse.

Amma je ka fadama ka gani.
Albasa ta miƙe, kore shar, tana dariya,
alkama na kaɗa kai kamar an yi mata albishir.
Baba ya tsoma ƙafa cikin lambu, ya ja tsaki,
sannan ya ce, "Bar shi ya busa.
Abin da ka fasa muna diddige
shi ka cika muna buhu."

Dare ya sake sauka tun kafin a kira shi.
Mun jera huɗu a bargon Bagudu,
akuya daga wajen ƙafa.