Tumaki Uku

Shekara sha ɗaya ina dafa wa Fada Kiyaran dankali
a gidan mishan, bayan layin dogo, Bukur.
Kan teburinsa hoto ɗaya ne, gilashin ya tsage a kusurwa:
ciyawa, tumaki uku, da wani ɗan tudu
da bai fi kunyar doya ba.

Na ce, Fada, gonar wa?
Ya ce, Dalyop, ai fada ce.
Na yi dariya har ludayi ya kuɓuce mini.

Ya ce shekaru ɗari bakwai baya
nan hasumiya ta tsaya, ganuwar dutse, gwalalo cike da ruwa,
masu gadi a sama suna leƙen hazo.
Ba yaƙi ya ci ta ba, maƙwabta ne.
Wannan ya ɗauki dutse ya kafa murhu,
wancan ya toshe ɓarakar garke,
dokin ƙofar yana wata majami'a, ana taka shi kowace Lahadi.
Sunan kaɗai suka bari,
shi ba ya hawa amalanke.

Ya rasu tsakiyar damina.
Aka ba ni butar shayinsa, da hoton.

Bara jikata Kangyang ta matsa
sai na kai ta inda kakana ya kafa gida.
Na tuna shingen ƙerana mai hawa biyu,
ƙofa ɗaya, sai ka sunkuya,
rumbunan acca bakwai, dutsen niƙa
da ya lotsa da hannun mata huɗu.
Muka sauka daga keke bayan Rafil,
muka taka, gwiwata tana ƙara.

Tafkin kuza ne.
Ruwa kore, shiru, ba a san zurfinsa ba.
Wasu samari na wanke babur a gefe,
wani ya ja tiyo zuwa kabejinsa.

Ta ce, Kaka, ina gidan?
Na nuna mata tsakiyar ruwa,
daidai inda wani zalɓe ya gitta.
Ta yi dariya. Na san dariyar,
tawa ce, ta yi shekara arba'in a hanya.
Sai ta ɗaga waya ta ɗauka.

Da dare na sauko da hoton daga bango,
na goge gilashin da gefen riga.
Tumakin suna nan, uku,
kansu a ƙasa, suna kiwo a ɗakin sarki.
Na ce, Fada, yi haƙuri.
Yau na ga hasumiyar.