Riga Arba'in a Kwatar Yelwa

Ranar kasuwa, tun rana ba ta buɗe ido ba,
muka jeru a kwata, mu tara, 'yan sikawut,
shuɗin kaya, rawayan ƙyalle a wuya,
Malama Tasalla a gaba da usur ɗinta.
Buhu biyu muka sauke daga amalanke:
rigunan ruwa arba'in,
masu warin roba da daɗewar ajiya.

Masu dako suka ce, "Ga sojojin tsintsiya!"
don makon jiya mu muka share harabar asibiti.
Rifkatu ta buɗe baki za ta rama,
Malama ta dube ta, kallo ɗaya.
Ta haɗiye abarta.

Ni aikina ƙidaya.
Duk wanda zai shiga jirgi, in sa masa riga,
in ja zane ɗaya a littafi.
Mai albasa, zane. Mai goyo, zane.
Ɗan makaranta da akwatinsa na ƙarfe, zane.
Mai jirgi na tsaki, yana duban rana,
wai muna cinye masa sawu ɗaya.

Sai ga Iya Ige da kwandon banda a ka,
ta dubi rigar kamar an miƙa mata kunama.
"Shekara hamsin ina ƙetare Kwara, yarinya,
tun uwarki ba ta iya ɗaura zane ba.
Ruwan nan ya san ni."

Ban ce mata komai a kan Jummala ba,
wadda ruwan nan ya sani shi ma,
wadda kujerarta a aji, tun damunar bara,
jakunkuna kawai ake ɗorawa.
Na dai ce, "Iya, in ba ki sa ba,
lissafina ne zai lalace."
Ta yi dariya har kwando ya girgiza.
Ta buɗe hannuwa.

Ashe maɓallin rigar a karye yake.
Na kwance ƙyallen wuyana,
na zura, na juya, dama kan hagu, hagu kan dama,
ƙullin da muka sha maimaitawa ƙarƙashin darbejiya
har yatsu suka yi kanta.
Inji ya tashi. Ta tafi da rawayana a ƙirji,
yana ƙanƙancewa, yana ƙanƙancewa,
har gungu ya rufe shi.

Da la'asar muka ƙidaya.
Talatin da tara.
Muka sake. Talatin da tara.
Na koma gida wuya tsirara,
ina haɗa maganar da zan faɗa wa Inna.

Kasuwa ta zagayo.
Jirgin farko bai gama tsayawa ba
na ji ana kira, "Ina mai lissafi?"
Rigar ce a hannunta, wankakkiya, tana ƙanshin toka,
ƙyallena na nan yadda na bar shi.
"Da haƙori na gwada, da tsinke na gwada,
jikana masunci ne, shi ma ya gwada.
Ta kai na cire ta kamar taguwa.
Wa ya koya miki ƙulli haka?"

A cikin rigar, tarwaɗa uku, busassu.
Na ce ba ma karɓar lada, doka ce.
Malama Tasalla ta sunsuna, ta ce,
"Hansatu, wannan ba lada ba ne. Kifi ne."

Muka ci a tsaye, mu tara, da yaji a takarda.
Masu dako na kallo, ba wanda ya ambaci tsintsiya.
Da azahar ta sayar, ta dawo bakin ruwa,
ba ta jira na yi magana ba.
Ta ajiye kwando,
ta buɗe hannuwa.
Na ja zane.