Gyare a Kunnen Hagu

Shekara sha tara ina tsaye kan injin niƙa
a bayan tashar Kumo.
Dawa, masara, waken suya, tattasai in kasuwa ta yi kyau.
Inji na ruri, ni ina ihu a kansa:
"Na wa ne kwanon nan mai lamba?"

Daren Laraba na kwanta da kunne biyu,
asubar Alhamis na tashi da ɗaya.
Kiran salla ya shigo ta dama kaɗai.
Hagu kuwa gyare ne ya tare a ciki,
tsiiii,
ba ya tsayawa shan iska.

Hajjo ta ɗiga mini man zaitun.
Manu ya ce ruwan wanka ne, in yi tsalle da ƙafa ɗaya.
Na yi tsallen, gyare bai faɗo ba.
Sai da muka ci kwana tara
kafin na hau motar Gombe.

Likita ta rufe mini kunnuwa da na'ura,
ta ce in ɗaga hannu duk sanda na ji ƙara.
Da aka zo hagu, hannuna ya zauna kan cinya.

Ta ce, "Akwai goro a aljihunka?"
Na fito da fari, ta ce in gatsa in ajiye.
Kafin ta gama rubutu
gurbin haƙorina ya rine, ya yi ja.

"Iska ce ta yi masa haka,
ita dai wadda muke shaƙa mu rayu.
Jiki na ƙona ta kamar murhu, tartsatsi na tashi,
akwai masu bi suna kashewa.
In ƙara ta yi yawa, ga hayaƙi, ga sukari a jini,
tartsatsi kan fi ƙarfin masu kashe shi.
Can ƙuryar kunne akwai 'yar katantanwa,
cikinta gashi ne siriri.
Wanda ya ƙone ba ya sake tofowa.
Ba mu gama sanin komai ba,
amma da ka zo da wuri, da magani ya fi samun abin kamawa."

Ni da nake kankare tsatsa a jikin inji duk Asabar,
ina shafa masa baƙin mai kamar amarya da lalle,
ashe tawa tana ci a inda tsumma ba ya kaiwa.

Na sha ƙwayoyin, kaɗan ya dawo,
kamar hira a bayan katanga.
Yanzu da toshiyar roba nake niƙa.
Na saya wa Manu tasa,
ya rataye ta a wuya kamar laya,
sai na harare shi yake cusawa.

Gyare na nan, da dare ya fi baki.

Ladiyo, autata, ba wanda ya koya mata:
in za ta roƙi kuɗin alewa
sai ta zagayo ta bayana,
ta tsaya a dama.